AKALA ƊAYA, YARA SHIDA

A shekarar 2025 Gwamnatin Tarayya ta bayyana sabon tsarin karatu na makarantun ƙasar nan, a cikinsa kuwa har da koya wa 'yan sakandare yadda a ke rubuta wa kwamfuta umurni, da yadda a ke sarrafa mutum-mutumi. Mun yi murna da wannan niyya. Amma kowa ya san inda aka ce za a koyar da sabon abu, to, za a sayi sabon kaya, inda kuwa za a sayi kaya 'yan kasuwa ba su barci. Saboda haka mu ke so mu yi magana tun da wuri da mutane iri biyu waɗanda al'amarin zai bi ta hannunsu, watau malaman makaranta da za su tsaya gaban yara, da malaman ofis da za su rubuta takardun saye su riƙe mabuɗin sito. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Da farko dai kada sunan ya ruɗe mai karatu. Mutum-mutumin da a ke kai wa makaranta bai yi kama da mutum ba ko kaɗan. Galibi 'yar kura ce wadda ba ta fi tafin hannu biyu ba, da ƙafafun roba, da ɗan injin lantarki mai juya kowace ƙafa, da batir, da 'yar ƙwaƙwalwar kwamfuta. Wani a kan sa masa ido mai rarrabe baƙi da fari, ko mai auna tazarar da ke tsakaninsa da bango. Akwai Bee-Bot na Ingila, mai siffar ƙudan zuma, wanda ke tafiyar santimita 15 a kowane taku, ya kuma juya dama ko hagu, an yi shi domin ƙananan yara. Akwai Sphero na Amurka, wanda shi ƙwallo ne mai gangarawa. Akwai kuma waɗanda yara ke harhaɗawa da kansu daga guntayen LEGO ko VEX. Kalmar da Turawa ke kiransa da ita ta fito ne daga wani wasan kwaikwayo da Karel Capek, mutumin ƙasar Cek, ya wallafa a 1920, asalinta kuwa a harshensu aikin tilas ta ke nufi. Sunan ya dace, gama abin ba shi da ra'ayi. Abin da aka ce masa shi zai yi, ko da kuwa an ce ya faɗa rijiya.

Wanda ya fi kowa tsayawa kan shigar da wannan abu cikin aji wani masanin lissafi ne, Seymour Papert, haifaffen Afirka ta Kudu a 1928, wanda ya yi shekaru a Janeba yana aiki tare da Jean Piaget, masanin yadda hankalin yara ke girma. A 1967, a Amurka, shi da Wally Feurzeig da Cynthia Solomon suka tsara wani harshen kwamfuta domin yara, suka kira shi Logo. Bayan 'yan shekaru aka haɗa harshen da wata na'ura mai rarrafe a ƙasa, da alƙalami a cikinta, ana kiranta kunkuru. Yaro ya rubuta a yi gaba kaza, a juya dama kaza, kunkuru ya bi, alƙalami ya bar sawu a kan takarda. Ra'ayin Papert, wanda ya bayyana cikin littafinsa Mindstorms a 1980, shi ne yaro ya zama shi ke koya wa na'ura, domin wanda zai koya wa marar wayo abu tilas ne ya fara fahimtarsa sarai. Ya rasu a 2016. Kusan duk abin da a ke yi yau a wannan fanni jikan kunkurun nan ne, har da Scratch, harshen da aka fitar a 2007, inda yaro ke jera umurni kamar yadda magini ke jera tubali, ba sai ya iya buga haruffa da sauri ba.

To, hanyar bi da waɗannan na'urori biyu ce, kuma lalle malami ya rarrabe su, domin a nan ne a kan yi asarar darasi ba a sani ba.

Ta farko ita ce tuƙi. Yaro ya riƙe wani ɗan akwati mai maɓallai, ko wayar hannu, mu dai bari mu kira shi akala. Ya danna gaba, na'ura ta yi gaba, ya ga za ta bugi ƙafar benci, ya karkata. Idonsa da hannunsa ke gyara kuskure nan take, tun kafin ya san ya yi shi. Wannan yana da daɗi ƙwarai, yana kuma da amfani a kwanakin farko, gama da shi ne yaro zai san halin abin, ya san ba ya tsayawa cak a kan siminti mai santsi, ya san in batir ya yi sanyi tafiya ta kan ragu. Amma yaron da ya iya tuƙi kaɗai bai fi mai wasan mota ta langa-langa da kara ba, sai dai tasa motar ta fi tsada.

Ta biyu ita ce rubutu. A nan a kan ajiye akala. Yara su duba hanyar da a ke so na'ura ta bi, su auna ta, su rubuta dukkan umurnin tun daga farko har ƙarshe, su aika mata, sa'an nan su janye hannu su zuba ido. Ba wanda zai taɓa ta. In sun yi daidai ta isa, in sun yi kuskure ta nufi bango a gaban kowa. Babu malamin da ya buga musu jan biro, babu wanda ya ce musu ba su da ƙwaƙwalwa, abin da suka rubuta ne kawai ya tashi ya yi tafiya. A ganinmu dukkan darajar wannan darasi tana cikin ɗan lokacin nan da yara ke tsaye cirko-cirko suna tambayar juna, a wane layi muka ɓata?

Bari mu kawo misali biyu domin malaman lissafi su ga ribarsu. Ƙafar da aka fi sa wa na'urorin LEGO faɗinta santimita 5.6 ne. Malami ya ja layi a ƙasa, ya ja wani nesa da shi mita ɗaya, ya ce a sa na'ura ta tashi daga wannan ta tsaya kan wancan. Na'urar nisa ba ta sani ba, abin da ta sani shi ne sau nawa ƙafarta za ta juya. Yara za su fara da cinta, su ce sau goma, ta zarce. Su ce sau biyar, ta gaza. Can wani zai tuna cewa juyi ɗaya na ƙafa daidai ya ke da kewayenta, a ɗauko zare a naɗa, a miƙe shi kan rula, a sami wajen santimita 17.6. A raba 100 da 17.6, a sami 5.7. Ga lambar nan 3.14 wadda aka yi shekaru ana haddace wa yara ba su san abin da ta ke tsare musu ba, yau ta tsai da na'ura kan layi. Wanda ya naɗa zaren nan da hannunsa ba zai manta ba har ya tsufa.

Na biyu ya fi wannan ban sha'awa. A ce su zana murabba'i: gaba, juya digiri 90, har sau huɗu. Da wuya su kasa. Daga nan ne ma za su gane cewa maimakon rubuta layi takwas, ana iya rubuta biyu a ce a maimaita sau huɗu, wannan kuwa babban sirri ne na aikin kwamfuta duka. Sa'an nan a ce su zana alwatika mai gefe uku daidai wa daida. Kusan kowane aji zai ce a juya digiri 60, tun da haka littafi ya ce kowace kusurwa ta ke. Sai na'ura ta kama zana rabin wani abu mai gefe shida. Malami mai hikima ba zai faɗi amsa ba. Zai ce wa ɗaya daga cikinsu ya tashi ya taka alwatikar da ƙafarsa, ya lura da yawan juyin da jikinsa ke yi a kowace kwana. Zai ji ya juya da yawa, fiye da juyin murabba'i, domin mai tafiya kusurwar waje ya ke juyawa, watau 120. Uku sau 120 kuwa 360 ne, huɗu sau 90 ma 360 ne, kuma duk wanda ya kewaya fili irin wannan ya komo inda ya tashi yana fuskantar inda ya fuskanta da farko, to, 360 ya juya. Yara 'yan shekara goma sha ɗaya su kan gano wannan da kansu in an ƙyale su, su fita aji suna gardama a kansa.

Yanzu ga inda wuyar ta ke. Babu makarantar gwamnati da za ta ba kowane yaro na'urarsa, a Turai ma ba haka a ke yi ba. Ɗaya ce za a ajiye gaban yara biyar ko shida. Duk malamin da ya taɓa raba littafi ɗaya ga benci guda ya san abin da zai biyo baya. Mai ƙarfin hali, ko wanda a gidansu akwai waya da kwamfuta, shi zai fizge akala a minti na farko, ya riƙe ta har a buga ƙararrawa. Biyu su tsaya bayansa suna ihu, sauran su koma gefe suna hira. In baƙo ya leƙo zai ga aji ya kacame da murna, ya tafi ya rubuta rahoto mai kyau. Alhali yaro ɗaya ne cikin shida ya koyi wani abu, shi ma abin da ya riga ya iya ne.

Maganin wannan ba a wurin kamfani ya ke ba, a hannun malami ya ke, kuma ba ya cin ko kwabo. A raba aiki tun kafin a fito da na'ura daga akwati. Ɗaya ya auna hanya da rula. Ɗaya ya zana ta a takarda ya rubuta umurni da fensir. Ɗaya ya shigar da umurnin cikin kwamfuta, da sharaɗin ba zai shigar da kome ba sai abin da mai fensir ya karanta masa, ko da yana ganin kuskure ne, sai dai ya faɗa da baki a yi shawara. Ɗaya ya ɗora na'ura kan layin tashi, ɗaya kuma ya riƙe littafin gwaji, yana rubuta abin da aka zata zai faru da abin da ya faru. Bayan kowane gwaji biyu ko uku malami ya tafa hannu, kowa ya matsa zuwa aikin na kusa da shi. Za a yi gunaguni, musamman daga gwanin nan da aka raba da akala. A ƙyale shi ya yi. Shi ma akwai abin da bai iya ba, watau bayyana wa wani abin da ke cikin kansa har ya gane, ranar da ya fara neman aiki kuwa zai tarar an fi tambayar wannan.

Masu shirya gasa a ƙasashen waje sun daɗe da gane haka, har suka sa shi cikin doka. A gasar VEX IQ ta ƙananan yara wasa ɗaya daƙiƙa 60 ne, matuƙa biyu ne, kuma tilas na farko ya miƙa wa na biyu akala a tsakiyar wasan. Ƙungiyoyi biyu da ke cikin fili ba faɗa su ke yi da juna ba, maki ɗaya a ke haɗa musu, don haka kafin a fara sai ka ga yaran da ba su taɓa saduwa ba sun haɗa kai suna raba aiki. A gasar manyansu kuwa a kan ba na'ura daƙiƙa 15 na farko ta yi aiki da abin da aka rubuta mata kaɗai, sa'an nan matuƙi ya karɓa. Gasar FIRST LEGO League, wadda aka soma a 1998, ta sa ƙungiya ta kasance daga yara biyu zuwa goma, wasa minti biyu da rabi, babu tuƙi sam, kuma alƙalai su kan zauna da yaran su tambaye su yadda suka yi aikin. Ƙungiyar da yaro ɗaya ya yi mata kome, ko wadda malaminta ya yi mata a ɓoye, a nan asirinta ke tonuwa.

Muna roƙon malamai su sa ido musamman a kan 'yan mata. A ajin da ke haɗe, in ba a tsai da doka ba, littafin rubutu a kan tura wa yarinya, a ce rubutunta ya fi kyau, akala kuwa ta zauna hannun maza. Wanda ke tsammanin abin ba na mata ba ne, ya tuna cewa a 2019 'yan matan makarantar Methodist ta Mamfe a ƙasar Gana suka ciwo gasar duniya ta Robofest a jihar Mishigan ta Amurka. A 2017 kuma 'yan mata shida daga Herat ta Afganistan, bayan an hana su biza sau biyu, suka isa Washinton da na'urarsu suka shiga gasa da ƙasashe fiye da ɗari da hamsin.

Mun san akwai mai cewa, ina amfanin wannan magana ga makarantar da rufinta ke yoyo, yara saba'in na zaune a ƙasa, wasunsu sun kai aji biyar ba su iya karanta sunansu ba? Maganarsa gaskiya ce, ba kuwa za mu kewaye ta ba. Ƙasar Peru ta sayi ƙananan kwamfutoci dubu ɗaruruwa ta raba wa 'yan firamare ƙarƙashin shirin nan na kowane yaro da kwamfutarsa, wanda aka ƙaddamar a Amurka a 2005. Da masu bincike na Bankin Raya Ƙasashen Amurka suka auna makarantun karkara 319, suka fitar da sakamako a 2012, ba su ga ƙarin kome ba a jarrabawar lissafi da ta harshe. Kaya sun isa, koyarwa ba ta sāke ba. Saboda haka ra'ayinmu a fili ya ke: kuɗin alli da littafi da rufi da albashin malami kada a taɓa shi domin sayen mutum-mutumi. Makarantar da ba ta da malamin da aka horar, kada a kai mata akwati don a ɗauki hoto.

Amma wannan bai hana a fara darasin gobe da safe ba, domin rabinsa ba ya bukatar na'ura. Malamai a Jami'ar Canterbury ta ƙasar Niyu Zilan, Tim Bell da abokansa, sun yi shekaru tun wajen 1990 da 'yan kai suna tsara hanyoyin koyar da ilmin kwamfuta ba tare da kwamfuta ba. A fita fili, a shata gidaje a ƙasa kamar na dara, a sa duwatsu a wasu gidajen a matsayin shinge. Yaro ɗaya ya zama na'ura. 'Yan ƙungiyarsa su rubuta umurni a allo, taku gaba, juya dama, juya hagu, su miƙa wa wani daga wata ƙungiya ya karanta da ƙarfi. Na'ura ba ta da izinin gyara kome, in an ce ta taka dutse sai ta taka, ƙungiya ta koma ta nemi layin da ya ɓaci. Za a sha dariya. Ajin da ya yi wata guda yana wannan, ranar da na'urar gaske ta zo ba zai ɓata lokaci wajen kokawar akala ba, ya riga ya san abin da a ke nema. Malamin ma a nan zai gwada kansa, ya ga ko zai iya kame bakinsa ya bar yara su yi kuskure, abin da ya fi wuya ga yawancinmu da aka horar bisa cewa malami ne ke da amsa.

Saura ku malaman ofis, masu tsara kasafi da masu kula da sito. Kun san al'adar da muka gada. In aka kawo kaya mai tsada, hedimasta ya kan ji tsoron ranar da mai binciken kaya zai zo ya ƙirga, don haka ya kulle shi cikin kabad, ya sa mabuɗi a aljihu, kaya su cika cif a littafi shekara da shekaru. Ba laifinsa ba ne shi kaɗai, gama in ƙafar roba ɗaya ta ɓace daga albashinsa za a cire. To, wannan kaya ba ya jure ajiya. Batirin da ke cikinsa irin na wayar hannu ne, in aka bar shi watanni ba caji, ga zafin bazara a ɗakin kwano, lalacewa ya ke yi ko ba a taɓa shi ba. Kamfanoni kuma su kan daina yin wani iri. LEGO da kansa ya dakatar da Mindstorms a ƙarshen 2022, bayan shekara 24 ana sayar da shi. Na'urar da aka ɓoye shekara biyar domin kada ta lalace, ana iya buɗe ta a tarar babu batir, babu kayan gyara, babu wayar da za ta yi magana da ita.

Don haka muna ba da shawara a rarrabe kaya biyu cikin littafin sito. Ƙwaƙwalwar na'ura da injinanta a rubuta su cikin kayan dindindin, a ƙirga su kowane zango. Ƙafafun roba da wayoyi da batura da ƙananan guntaye kuwa a rubuta su tare da alli da fensir, cikin kayan da ke ƙarewa, kada a tuhumi kowa in sun gaji. Duk takardar saye da ta zo gabanku, ku duba ko an sa kuɗin kayan gyara, da hanyar caji inda babu wuta, ko da ɗan faifan hasken rana ne, da kuɗin horar da malami aƙalla biyu a kowace makaranta, domin in an yi wa ɗaya canjin wurin aiki kada darasi ya bi shi. Ku tambayi mai sayarwa ko abin yana aiki ba tare da intanet ba, ya kuma gwada a gabanku. Kada tsada ta ruɗe ku. Ɗan allon nan micro:bit, wanda BBC ta raba wa yaran Ingila wajen miliyan ɗaya a 2016, bai kai girman katin banki ba, ana kuwa ɗora shi kan 'yar kura mai araha ya yi dukkan abin da muka lissafa a sama. Na'ura goma masu sauƙin kuɗi a aji mai yara sittin sun fi guda biyu masu ƙyalli da za a riƙa nuna wa baƙi.

Masu duba makarantu kuma, in kun je, kada ku tsaya kan ƙirga akwatuna. Ku ce a kawo littattafan gwajin yara, ku duba ko rubutun hannu yana sākewa daga shafi zuwa shafi, sa'an nan ku kira yarinyar da ke zaune can baya ku ce ta sa na'ura ta zana muku alwatika.